Charles Boycott: Mutumin da Sunansa Ya Zama Kalma

Ya ku ɗalibai, babu mamaki kun taɓa jin kalmar Turancin nan boycott a rediyo, ko kun gan ta a jarida, musamman a lokacin zaɓe ko sa'ad da kaya suka yi tsada a kasuwa. Da Hausa ana kiran wannan abu ƙauracewa. Abin da ƙila ba ku sani ba shi ne, kafin shekara ta 1880 Turawa ba su da wannan aikatau a harshensu. Sunan wani mutum ne mai jini da tsoka, mai mata da gona da dawaki, wanda maƙwabtansa suka juya masa baya har duniya ta ji labari. A wannan darasi za ku karanta tarihinsa, ku ga yadda sunansa ya zama kalma, sa'an nan ku koyi yadda Bahaushe yake faɗin wannan ma'ana a maganarsa ta yau da kullum.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Charles Cunningham Boycott ranar 12 ga watan Maris, 1832, a wani ƙauye mai suna Burgh St Peter, a gabashin ƙasar Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne. Tun yana yaro yake sha'awar aikin soja, saboda haka a 1848 aka kai shi makarantar horar da hafsoshi ta Woolwich. Bai daɗe a can ba, domin ya faɗi jarrabawa a shekarar da ta biyo baya, aka sallame shi. A wancan zamani mai kuɗi yana iya sayen muƙamin hafsa a rundunar Ingila, don haka danginsa suka saya masa a 1850. Aka tura rundunarsu zuwa tsibirin Ailan, wanda yake yamma da Ingila.

Aikin sojan ma bai yi tsawo ba. Ya yi fama da rashin lafiya, ya yi aure a birnin Dublin a 1852, ya sayar da muƙaminsa, ya koma noma. A 1854 ya tare a wani ƙaramin tsibiri mai suna Achill, a lardin Mayo da ke yammacin Ailan. Wuri ne mai duwatsu da iska da sanyi, ƙasarsa ba ta da albarka sosai. Ya shekara kusan 20 a can yana noma da kiwo, ya kuwa nuna shi mutum ne mai ƙwazo da juriya. Mutane suka riƙa kiransa Kyaftin saboda ya taɓa ɗaura ɗamarar soja.

Halin da manoman Ailan suke ciki

Ba za ku fahimci abin da ya sami wannan mutum ba sai kun san ƙasar da ya zauna a cikinta. A lokacin, Ailan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Yawancin filayen noma suna hannun manyan attajirai ƙalilan, kuma da yawa daga cikinsu ba su zama kusa da gonakin. Talakawan da suke noma ƙasar 'yan haya ne. Kowace shekara sai sun biya kuɗin haya, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wanda ya kasa biya, a kore shi daga gonar da gidan da ke cikinta, ko da kakanninsa ne suka share wurin. In kuma mutum ya gyara gonarsa ta yi kyau, mai ƙasa yana iya ƙara masa kuɗin haya.

Bugu da ƙari, mutanen ba su manta da babbar yunwar da ta fara a 1845 ba, lokacin da cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talaka. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura zuwa Amurka da sauran ƙasashe. Lardin Mayo yana cikin wuraren da yunwar ta fi yi wa ɓarna. Saboda haka da amfanin gona ya sāke lalacewa daga 1877 zuwa 1879, hankalin kowa ya tashi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi gudu.

A 1879 wani ɗan Mayo mai suna Michael Davitt, wanda aka kori iyayensa daga gonarsu tun yana ƙarami, ya jagoranci kafa ƙungiyar kare haƙƙin manoma 'yan haya. Aka naɗa wani ɗan majalisa, Charles Stewart Parnell, ya zama shugabanta. Bukatunsu uku ne: a tsayar da kuɗin haya bisa adalci, kada a kori wanda yake biya, kuma a bar manomi ya sayar da haƙƙinsa na haya in ya ga dama.

Wakilin mai ƙasa

A 1873 Boycott ya bar Achill ya koma wani babban gida a bakin tafkin Mask, kusa da garin Ballinrobe. Gidan da filayen da ke kewaye da shi mallakar wani basarake ne da ake kira Lord Erne, wanda yake zaune can arewacin Ailan. Boycott ya karɓi hayar gona mai faɗin eka fiye da 600 don kansa, ya kuma zama wakilin basaraken. Aikin wakili shi ne ya karɓi kuɗin haya daga manoma, ya kori wanda ya gaza. Ladansa kashi 10 cikin ɗari ne na abin da ya tara. Kun ga ke nan duk ragin da aka yi wa manoma, aljihunsa ma zai ji a jika.

Boycott mutum ne mai son doka da tsari, amma ba shi da sassauci. Manoma da 'yan ƙodago sun yi kuka da shi ƙwarai. Yakan ci mutum tara in dabbarsa ta shiga gonarsa, ko in ya makara zuwa aiki. Ya hana su wasu abubuwan da suka saba, kamar ɗiban itacen wuta a filin basaraken. A ganinsa haƙƙin mai dukiya yake karewa. A ganinsu kuwa, baƙo ne mai taurin zuciya wanda bai san zafin talauci ba.

Abin da ya faru a 1880

A shekara ta 1880 basaraken ya yarda ya rage wa 'yan hayarsa kashi 10 cikin ɗari saboda rashin amfanin gona. Su kuma suka nemi a rage kashi 25. Aka ƙi. Boycott ya je kotu ya karɓo takardun korar manoma 11.

Ana cikin haka, ranar 19 ga Satumba, Parnell ya yi jawabi ga babban taro a garin Ennis. Ya shawarci jama'a cewa duk wanda ya karɓi gonar da aka kori wani daga cikinta, kada a taɓa lafiyarsa. A maimakon haka a guje shi a hanya, a kasuwa, a kanti, har ma a wurin ibada, a bar shi shi kaɗai. Parnell bai ambaci Boycott ba, amma a kansa aka fara gwada wannan shawara har ta yi suna.

Bayan kwana uku, masinjan kotu ya fito da rakiyar 'yan sanda don ya raba takardun kora. Matan ƙauyen suka yi masa ca, suka yi ta jifansa da laka da duwatsu da kashin shanu, har ya gudu ya fake a gidan Boycott. Kashegari jama'a suka ɗunguma zuwa gidan, suka umarci ma'aikatansa su ajiye aiki. Masu noma suka tafi, masu kula da dawaki suka tafi, barorin gida suka tafi. Maƙeri ya daina yi wa dawakinsa takalmi. Mai wanki ta daina karɓar tufafinsa. Masu kantuna a Ballinrobe suka ƙi sayar masa da kome, sai daga nesa ake kawo masa abinci ta jirgin ruwa. Yaron da yake kawo masa wasiƙu ma aka tsorata shi ya daina.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan hali. Ga mutum da gona cike da amfani, kaka ta yi, sanyi yana tafe, amma babu mai girbi. Shi da matarsa da 'yan'uwansa kaɗan da ke gidan su ne masu tatsar shanu, su ne masu kiwon tumaki, su ne masu wanke-wanke. Doka tana bayansa, gwamnati tana bayansa, amma babu dokar da za ta tilasta wa maƙwabci ya gaishe ka. A nan ne ya gane cewa duk ƙarfinsa a kan hannuwan waɗanda yake rainawa yake tsaye. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai kada ku ɗauka cewa kome ya tafi cikin ruwan sanyi. Wasu daga cikin ma'aikatan ba da son ransu suka bar aiki ba, tsoro ne ya kore su. An karya masa shinge, an buɗe ƙofofin gona dabbobi sun watse, an aika masa da wasiƙun barazana. A cikin watan nan kuma aka harbe wani mai ƙasa har lahira ba nisa da wurin. Zamani ne na fushi da fargaba.

Girbi mafi tsada

A watan Oktoba Boycott ya rubuta wasiƙa zuwa jaridar The Times ta Landan, ya bayyana halin da yake ciki. Nan da nan labari ya bazu. 'Yan jarida suka yi ta zuwa daga Ingila da Amurka. Masu goyon bayan mulkin Birtaniya suka kafa asusun taimaka masa, kuma mutum 50 daga lardunan Cavan da Monaghan suka ba da kansu don su girbe masa gona.

Gwamnati ta ji tsoron kada faɗa ya ɓarke, sai ta tura sojoji da 'yan sanda wajen 1,000 su yi musu rakiya. Da suka sauka daga jirgin ƙasa a garin Claremorris a watan Nuwamba, babu mai keken doki ko ɗaya da ya yarda ya ɗauke su. Dole suka taka da ƙafa cikin ruwan sama, tafiyar mil 14. Suka yi mako biyu suna haƙar dankali da tattara sauran amfanin gona, sojoji suna gadinsu dare da rana. Mutanen gari ba su kai musu hari ba.

Da aka yi lissafi, an ƙiyasta cewa an kashe wajen fam 10,000 don a ceto amfanin gonar da bai wuce na fam 500 ba. Garin neman ƙiba an samo rama. Masu ƙasa suka gane cewa ba zai yiwu a aika da runduna kowace gona ba. Manoma kuma suka gane cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ranar 27 ga Nuwamba, 1880, Boycott da iyalinsa suka bar gidan a cikin keken ɗaukar majiyyata na sojoji, domin ba a sami wanda zai tuƙa su ba. A Dublin ma mai masaukin da ya sauke su ya sami gargaɗi. Ranar 1 ga Disamba suka haye teku zuwa Ingila.

Yadda suna ya zama kalma

Wani ɗan jaridar Amurka mai suna James Redpath ya ba da labarin asalin kalmar. Ya ce yana hira da limamin cocin yankin, Fada John O'Malley, suna neman sunan da za su ba wannan sabon salon gwagwarmaya. Kalmar Turancin da ke akwai mai nufin ware mutum daga jama'a tana da wuya a bakin manomin ƙauye. Sai limamin ya kawo shawara a yi amfani da sunan Kyaftin ɗin kansa. Kafin shekarar ta ƙare jaridu sun ɗauka. A 1888 kalmar ta shiga babban ƙamus na Turanci, kuma harsuna da yawa, kamar Faransanci da Jamusanci da Rashanci, suka are ta.

Gwagwarmayar manoman ba ta tafi a banza ba. A 1881 majalisar Birtaniya, a ƙarƙashin Firayim Minista Gladstone, ta yi dokar da ta amince da bukatun nan uku, ta kafa kotunan tsayar da kuɗin haya. Wasu dokokin da suka biyo baya, musamman ta 1903, suka taimaki manoma suka sayi gonakin da suke nomawa.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1881 Boycott ya kai ziyara Amurka. Ya ɓoye sunansa na ƙarshe a takardar jirgi, amma duk da haka 'yan jarida suka gane shi. Daga baya ya koma gidansa na bakin tafki, ya zauna 'yan shekaru ba tare da wata babbar fitina ba. A 1886 ya sami aikin wakilin wani mai ƙasa a Flixton, a gabashin Ingila, inda ya ci gaba da sha'awarsa ta sukuwar dawaki. Ya mutu ranar 19 ga Yuni, 1897, yana da shekara 65, aka binne shi a ƙauyen da aka haife shi. Gonarsa da dawakinsa duk sun shuɗe. Abin da ya bari a duniya shi ne sunansa, kuma ba ta hanyar da zai so ba.

Ƙauracewa a bakin Bahaushe

Hausa ba ta bukaci aron sunan Kyaftin ba, domin tana da kalmarta. Kun san ƙaura, wato barin wuri a koma wani. Daga nan aka sami ƙaurace, wato nisantar mutum ko wuri ko abu da gangan. Ku lura cewa wannan aikatau yana tafiya da wa a gaban suna, da kuma masa, mata, musu a wurin wakilin suna. Ga misalai:

- Matan unguwa sun ƙaurace wa mahaucin da yake tauye awo.
- Jam'iyyar ta ce za ta ƙaurace wa zaɓe.
- Tun da ya ci amanar abokansa suka ƙaurace masa.
- Ƙauracewar da aka yi wa kasuwar ta sa farashi ya sauka.

Akwai kalmomi makusanta da bai kamata ku gauraya su ba. Yajin aiki shi ne ma'aikata su ajiye aiki don neman haƙƙinsu a wurin wanda ya ɗauke su. Takunkumi hukuma ko ƙasa ce take ƙaƙaba shi da ƙarfin doka. Gaba kuwa tsakanin mutum biyu ce da suka daina magana saboda saɓani. Ƙauracewa ta bambanta da su: jama'a ne suke haɗa baki su janye cinikinsu ko halartarsu ko hulɗarsu, don su matsa wa wani ya sauya hali. Wanda aka yi wa haka, Bahaushe yakan ce an mayar da shi saniyar ware.

Ƙasarmu ma ta san wannan makami. A zamanin neman 'yancin kai, Mazi Mbonu Ojike, ɗan Arondizuogu wanda ya rasu a 1956, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su rage dogaro da kayan Turawa, su riƙi tufafi da abincin gida, har aka yi masa laƙabi da sarkin ƙauracewa. A 1976 Nijeriya da ƙasashen Afirka da dama sun ƙaurace wa wasannin Olamfik na birnin Montreal, don nuna ƙin mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. A Amurka kuma, baƙaƙen fata na birnin Montgomery sun ƙaurace wa motocin safa daga Disamba 1955 har kwana 381, sai da aka soke dokar da ta ware musu kujerun baya.

Ya ku ɗalibai, ƙauracewa wuƙa ce mai baki biyu. Ta ba marasa ƙarfi hanyar neman haƙƙinsu ba tare da ɗaukar makami ba. Amma in aka haɗa ta da tsoratarwa, ko aka yi wa wanda bai ji ba bai gani ba saboda ƙabilarsa ko addininsa, ta zama zalunci. Ko a cikin ajinku, in kuka haɗa baki kuka daina yi wa wani magana, kun ɗora masa kaya mai nauyi. Kafin ku shiga irin wannan, ku tambayi kanku: mene ne laifinsa, an ba shi damar gyarawa, kuma wane ne zai cutu? In kuma wata rana Allah ya ba ku iko a kan wasu, ku tuna da mutumin nan na bakin tafkin Mask, wanda ya wayi gari da gona cike da amfani, amma babu mai miƙa masa hannu.

Ma'anar wasu kalmomi

- hafsa: babban soja mai ba da umarni
- ɗan ƙodago: mai yin aikin ƙarfi a biya shi lada
- tara: kuɗin da ake karɓa a wurin mai laifi
- sassauci: rangwame da tausayi
- yi wa mutum ca: taru a kansa gaba ɗaya
- ɗunguma: tafiya tare cikin taro
- jinka: rufin ɗaki na ciyawa
- laƙabi: sunan da ake ba mutum saboda halinsa ko aikinsa

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Charles Boycott, kuma me ya kai shi Ailan?
2. Kawo bukatu uku na ƙungiyar manoma 'yan haya.
3. Me ya sa manoma suka yi kuka da Boycott?
4. Bayyana yadda mutanen Ballinrobe suka ƙaurace masa.
5. Me ya sa aka kira girbin gonarsa girbi mafi tsada?
6. Mene ne bambancin ƙauracewa da yajin aiki da takunkumi?
7. Gina jimloli biyar da ƙaurace wa, ƙaurace masa, ƙaurace mata, ƙaurace musu da ƙauracewa.
8. Nemo karin magana uku a cikin darasin, ka faɗi ma'anar kowanne.
9. Ku tattauna a aji: yaushe ƙauracewa take zama adalci, yaushe kuma take zama zalunci?